Darasin Gobe

An ɗauke wuta tun magariba.
Ina zaune da fitilar caji a Kabala,
kogi na gunaguni bayan katanga.
Gobe ƙarfe tara zan koya wa aji uku teku,
ni da ban taɓa wuce gadar Lakwaja ba.

Littafin ya ce, sama da shekara ɗari biyu,
sa'ad da Amurka ke rarrafe a matsayin ƙasa,
jirgin fatake kan taso da gari da taba,
sai na yaƙin Ingila ya sha gabansa.
Harbi ɗaya a iska, kowa ya tsaya.
Hafsa ya hau, a jera masa maza
kamar raguna a Zango ana jajiberin Sallah.
Ya duba ƙwauri, ya duba kafaɗa:
kai, da kai, da mai tabon can,
duk talakawan sarkinmu ne, ku wuce.

Wani zai zaro takarda daga gwangwani,
an rubuta garinsu, tsawonsa, launin idonsa,
har ƙunar da ke babban yatsansa.
Hafsa ya karanta tsaf,
ya naɗe ta, ya ba ruwa ajiya.

To, da wace Hausa zan faɗa musu sauran?
Gurasa mai taurin marmara,
sai an ƙwanƙwasa ta a katako tsutsa ta fito.
Naman da gishiri ya cinye tun bara.
Ruwan sha ya yi kore a ganga.
Bulala mai harshe tara.
Hawan dogon itace da tsakar dare,
hadari na kaɗa shi kamar karan dawa,
ƙasanka babu ƙasa.
In ka mutu, a ɗinke ka cikin shimfiɗarka,
a ɗaura ƙarfe a ƙafa,
kabarin da ba a zuwa ziyara.

Nan na rufe littafin,
don Jatau ne ya shigo ɗakin, ba sallama.
Kakana. Shi ma bai san teku ba.
Barkono ya kai kasuwar Kujama wata safiya,
yaron hakimi ya nuna shi da bakin sanda.
Diban gwamna, in ji mutanen lokacin,
kamar hatsi ake ɗiba a rumbu.
Shi ma yana da takarda, ta haraji,
a kube, rataye a wuya.
Ba ta hana shi ramin kuza a Jos ba.
Uwarsa ta yi ta rufe tuwo da faifai
dare bayan dare, har kaji suka gane.
Ya dawo da tari da shiru,
tarin ne kawai muka taɓa ji.

Da safe na bi ta mashigi.
Dogara mai kwalekwale na kwarfe ruwa da ƙoƙo.
Na ce, in an tilasta maka tuƙi fa?
Ya yi dariya: Malam, yunwa ta riga su.
Amma ni, in rana ta faɗi, nakan ɗaure igiya,
in tafi gida da ƙafata.

A aji na zana jirgi biyu a allo,
ɗaya ya fi kama da ƙwarya.
Suka yi dariya, na bar su.
Na ba su shekara, na ba su adadi,
suka kwafe, kai a sunkuye.
Sai Tambaya, ta layin baya, wadda ba ta cika magana ba,
ta ɗaga hannu:
Malam, wanda aka sauke daga jirgin,
wa ya je ya gaya wa uwarsa?

Na buɗe shafi, na juya na gaba.
Akwai taswira, akwai sunayen manya.
Aka kaɗa ƙararrawa.
Ba wanda ya tashi.
Alli na hannuna, ya jiƙe.